Ranar da Mata Suka Daka Simintin Labaran

Ni ne Labaran ɗin. In ka taɓa bin hanyar da ta taso daga Indabo ta shigo Wudil a shekarun hamsin da 'yan kai, to ka taka aikina, ko ka sani ko ba ka sani ba. Akwai wata ƙorama mai yashi da ta gitta hanyar. Da rani ko akuya ba ta ganin girmanta, da damina kuwa sai ta tare mota kwana uku. Ba a yi mata gada ba. Kankare aka shimfiɗa a cikinta daga wannan gaɓa zuwa waccan, in ruwa ya zo ya bi ta kai, in mota ta zo ita ma ta bi ta kai. Gida goma sha biyu muka zuba shi, ɗaya na bin ɗaya kamar gidan dara, kuma ni ne babban magini a wurin.

Mutane suka raɗa masa suna Simintin Labaran. Ban roƙe su ba, amma kuma ban hana su ba. Gaskiya ma in ran Juma'a ta yi, ranar kasuwar Wudil, nakan je in zauna gindin wata kanya a bakin ƙoramar in yi ta kallon jama'a suna wucewa a kansa. In baƙo ya tsaya ya ce wa ya yi wannan aiki, sai in kama tari har sai wani ya nuna ni. Ba ni da gonar kirki, ba ni da doki, ilimina bai wuce na salla ba. Wannan shimfiɗa ita ce abin da nake da shi, kuma ina sonta so na wauta.

Shekara uku ana haka, sai daminar hamsin da shida ta zo da ruwa kamar da bakin ƙwarya. Da kaka ta kama, ruwa ya janye, na je na duba, ko tsaga ɗaya babu. Ina tsaye ina shafa shi da ƙafa sai ga Ya'u direba, mai wata tsohuwar babbar mota da ke jigilar mutane da buhuna. Ya leƙo ta taga ya gaishe ni, muka yi ta lafiya lau da ina gajiya, sannan ya ce, "Sarkin magina, simintinka fa ya fara magana."

Na ce, "To me ya ce maka?"

Ya ce, "In na hau tsakiyarsa da kaya, sai in ji ya amsa min daga ƙasa."

Na ce, "Kai Ya'u, ji tsoron Allah. Motarka da ko a tsaye take tari take yi, ita za ta bar ka ka ji maganar siminti?"

Ya yi dariya ya ja mota. Ashe bai tsaya ko'ina ba sai wurin Malam Haladu, foman ɗin da ke kula da hanyar. Malam Haladu dogon mutum ne marar yawan magana, kullum da fensir a bayan kunne. Kunnen dai na riƙe fensir ne kawai, don ya daɗe yana fasa dutse da nakiya tun yana saurayi, ɗaya ya mutu murus, ɗayan kuma sai ka ɗaga murya. Ya zo ya zagaye shimfiɗar sau biyu, ya tsuguna ya leƙa gefenta, bai ga komai ba. Ya miƙe ya ce mini ruwa munafuki ne, yakan bi ta ƙarƙashi ya kwashe ƙasa ya bar siminti a rataye, fuska lafiya, ciki rami. Motocin gyaɗa sun kusa fara zirga-zirga zuwa Kano, ba zai yarda su hau abin da bai san cikinsa ba. Ran Asabar zai kawo leburori da guduma, a huda kowane gida a leƙa.

Na ji kamar ni za a huda. Kankaren da aka fasa wuri goma sha biyu aka totoshe ai ya zama tsumma, kuma daga ranar ba mai sake kiransa da sunana sai don ba'a. Na kama hannun rigarsa ina ihu a kunnen mai rai, "Ranka ya daɗe, wallahi lafiyarsa ƙalau! Ni na zuba shi!"

Ya ce, "Ni ma ba son fasa shi nake ba. Nuna min ƙarƙashinsa ba tare da an fasa ba, in bar maka kayanka. Kana da idon da ke ratsa inci shida?"

Ba ni da shi, amma na ce ya ba ni zuwa Alhamis. Ya ce ya ba ni.

Na koma gida a Sabon Gari kamar kazar da ruwa ya doka. A ranar kuwa mata ne cike da gidan, ana daɓen sabon ɗakin da na gina wa tsohuwata. Kowa ya san daɓe: a baza marmara, a yayyafa ruwan makuba da ake jiƙowa daga ɓawon ɗorawa, mata su durƙusa a jere da madaɓi su yi ta dukan ƙasa suna waƙa har ta kwanta ta yi sulɓi. Namiji ba shi da wurin zama a nan, don haka na tsuguna a bayan katanga na zuba tagumi, waƙarsu tana ƙara mini haushi.

Mai ba da waƙar ita ce Safara'u, taubashiyata, 'yar yayan tsohuwata. Mijinta ya rasu da daɗewa, tana zaune a Ɗankaza, kuma daga can har Wudil ba a daɓen kirki sai an aika mata goro. Tun muna yara ba mu taɓa haɗuwa mun rabu ba tare da zagi ba. Ita ta ce ni bawanta ne, ni in ce ita ce baiwar, har yau ba a raba gardamar ba. Ni kuma ina da wata magana da nake ƙular da ita, in ce daɓe ai wasan mata ne, gini sai siminti.

Ana tsakiyar waƙa sai na ji ta yanke. Muryar Safara'u ta ce, "Ku dakata. Nan ba ƙasa."

Wata ta ce, "Haba Yaya, ga shi ya kwanta luf."

"Ya kwanta a ido. Ku saurara."

Na ji ta doka wani wuri, ƙau. Ta doka wani, buf. Ta sake, ƙau, ta sake, buf. Ta ce, "Gara ta yi gida a ƙarƙashi. Auta, miƙo min tsinken can." Jim kaɗan sai na ji mata sun ɗauki salati.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Ban yi sallama ba, ban yi gyaran murya ba, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya na bar shi a bayan katanga, na faɗa tsakiyar mata ina cewa, "Sake bugawa! Sake bugawa in ji!" Mata suka watse suna janyo mayafi, tsohuwata ta ce na shiga uku yaron nan ya zautu. Safara'u kaɗai ba ta motsa ba. Ta dube ni daga sama har ƙafar da ba takalmi, ta ce, "Bawana, yunwa ce ko aljanu?"

Na durƙusa a gabanta cikin ruwan makuba na zayyana mata komai. Na ce, "Kunnen nan naki, zai ji ta cikin siminti?"

Ta ce, "Au, wasan matan?"

Na ce, "Na tuba."

"Ban ji ba."

"Na tuba, na bi Allah na bi ki!"

Ta sa sai da na faɗa a gaban mata goma sha wani abu cewa ni Labaran bawan Safara'u ne, gado da gado. Na faɗa, har da ƙari, don a lokacin ko cewa ta yi in yi kukan jaki zan yi. Sannan ta ɗaga madaɓinta ta jujjuya shi ta ce wannan ba zai tada siminti daga barci ba, sai dai taɓarya. Ta ce in tanadi tuwo da miyar kuka mai nama da goro, ita za ta zo da mata tara.

Ran Alhamis da hantsi Wudil ta ga abin da ba ta taɓa gani ba. Mata tara, duk iyaye da kakanni, kowacce da taɓarya a kafaɗa, Safara'u a gaba da ƙoƙo da tulun makuba, ni kuma a baya da tsintsiya ina ta washe baki. Ba turmi, ba hatsi. Duk wanda muka wuce sai ya tambaya gidan wa ake biki, in aka ce hanya za a daka sai ya rufe rumfarsa ya biyo mu. Kafin mu kai ƙorama mun zama gayya guda. Mai aski ya taho da wanda yake yi wa aski, rabin kai a aske.

Malam Haladu ya riga mu isa, ya sa an gitta itace an tare hanya ta kowane gefe. A gaɓar can ga Fulani da shanunsu da za su kwana kusa da kara, inda ake cinikin shanu, saboda kasuwar gobe, sun dogara sanduna suna kallo. Ga kuma motar Ya'u cike da buhuna da fasinja a kan buhunan. Foman ya dube mu, ya cire fensir daga kunne ya mayar, ya ce, "Labaran, na ce ka kawo min ido, ka kawo min masu daka?"

Safara'u ta matsa kusa da shi ta gaishe shi da ƙarfi, ta ce, "Malam, in za ka sayi tukunya fasa ta kake yi ka ga ko tana da tsaga?"

Ya ce, "Ƙwanƙwasawa nake."

"To ba mu wuri."

Ya ja da baya. Na share gidan farko tas. Safara'u ta tuɓe takalmi ta tsaya a tsakiya, ta ce tafin ƙafa ma yana ji, wani lokaci ya fi kunne. Ta cika ƙoƙo da ruwa ta ajiye a kan simintin. Ta jera matan daga wannan gefe zuwa wancan, taku ɗaya tsakanin kowace biyu, ta ce ba lugude za a yi ba, bi da bi za a saki taɓarya, kuma kada wadda ta fi wata ƙarfi, don in hannu ya bambanta amo ma zai bambanta. Waƙar ita ce ma'auni. Sai ta ɗaga murya:

"Ƙasa ba mu baya, ba faɗa muka zo ba,
Tambaya muka kawo, ki faɗa mana gaskiya."

Matan suka amsa, taɓare suka fara sauka ɗaya bayan ɗaya, ƙau, ƙau, ƙau, har tara, su yi taku ɗaya gaba, su sake. Safara'u tana binsu a baya, ido a lumshe, kai a karkace. Ruwan ƙoƙo ko motsi bai yi ba. Da suka kai ƙarshen gidan ta buɗe ido ta ce, "Wannan lafiya lau. A zaune yake daram."

Wata tsohuwa a cikin 'yan kallo ta rangaɗa guɗa. Ni kuwa na daka tsalle, ni da furfura ta fara leƙo mini a gemu. Na ruga wurin Malam Haladu na yi masa ihu a mataccen kunnen, na tuna, na zagaya wurin mai ran na sake.

Gida na biyu lafiya. Na uku lafiya. Jama'a suka koyi amshin suka kama tafi, Safara'u ta juyo ta balbale su da faɗa, ta ce in kunnenta ya toshe su za su shiga ƙarƙashin su duba mata? Aka yi tsit. Can sai ga wani makaɗin mahauta ya ɓullo da kalangu a hammata, ya ji ana sha'ani ba a gayyace shi ba. Ya buga sau biyu ke nan ta nuna shi da yatsa, ta ce ganga ɗaya ake kaɗawa yau, ga ta nan a kwance. Ya rataye kalangunsa ya zauna a kan yashi.

A gida na huɗu ta sauya waƙar ta koma kaina:

"Bawan Safara'u mai cokalin gini,
Ya zo da kuka, zai koma da rawa."

Mata suka amsa suna dariya, ni ma na amsa, don me? Na huɗu lafiya, na biyar lafiya. Ban taɓa jin daɗi irin na wannan hantsi ba, ko ranar da aka ɗaura mini aure. Kowane ƙau da ya tashi ji nake kamar kirari ake yi mini. Na rungume wani Bafulatani da ban taɓa gani ba. Na yi wa mai aski alkawarin zan sumunce masa rumfa. Da aka ce na shida lafiya na cilla hulata sama, iska ta kai ta cikin ɗan ruwan da ya rage a gefen ƙoramar, wani maraƙi ya taka ta, na ce a bar masa. Na juya gaɓar can na ƙwala wa Ya'u kira, "Kai mai motar tari! Ka ji abin da siminti ya ce?"

Suka shiga gida na bakwai, tsakiyar ƙorama. Jere na farko ƙau, na biyu ƙau. A na uku, taɓarya ta biyar ita ce ta Auta. Autar nan sunan ne kawai ya rage mata, jikokinta shida, damtsenta ya fi cinyata. Ta saki taɓaryarta, sai wurin ya ce dum.

Ba ƙara ba ce mai yawa. Amma ruwan ƙoƙo ya yi rawa har ya fantsalo.

Abin da ya biyo baya ba laifin kowa ba ne, hannu ne da abin da ya saba. A wurin daɓe, in aka ji wuri ya yi taushi, ba a jiran umarni, duk mata sukan taru a kansa su yi ta duka har ya kwanta. Shekara talatin suna haka. Kafin Safara'u ta buɗe baki, matan nan tara sun bar jere sun kewaye wurin, sun ɗaga taɓare, sun kama lugude da iyakar ƙarfinsu, dum dum dum dum, har da wurga taɓarya sama a tafa a cafe. Wai gyara mini suke yi!

Na ce, "Wayyo Allah, za su fasa!" Safara'u tana ihu ku tsaya, ba mai jinta. Ban yi shawara da kowa ba, na sheƙa da gudu na kutsa ta tsakanin zannuwa na faɗa rub da ciki a kan wurin, na baje hannu da ƙafa. Taɓare takwas suka tsaya a sama. Ta Auta ta riga ta taho, ta sauka a kan mazaunaina.

Dariyar da aka yi a ƙoramar nan, ina jin har kasuwa an ji ta. Fulani suka riƙe ciki, wanda aka yi wa rabin aski ya faɗi a yashi yana shure-shure, Auta ta yar da taɓarya tana cewa, "Sannu ɗan nan, sannu, ai kai ma ka yi taushi." Ni ma na buɗe baki zan yi dariyar, don abin ya cancanta.

Sai dai kuncina yana manne da simintin, kunnena na dama a kansa. A ƙarƙashin dariyar mutane na ji wani abu. Yashi ne yake zubowa, shaa, yana faɗawa cikin ruwa. Ya tsaya. Sai ɗis, ɗis. Sai wani ɓangare ya sake zubowa, kuma daga jin yadda yake daɗewa kafin ya taɓa ruwan na san ba ƙaramin wuri ba ne.

Nan take na tuna ranar da muka zuba wannan gida. Hadari ya haɗo daga gabas, an riga an kwaɓa siminti, leburori suna cikin dandaƙe marmarar da za a zuba a kai. Na ce su bari haka nan, ya isa, a zuba kafin ruwa ya sauko. Wani dattijo a cikinsu ya ce ƙasan bai kwanta ba tukuna. Na ce masa shi ne magini ko ni? Shekara uku ban sake tunawa da maganar ba sai da na kwanta a kanta.

Malam Haladu ya taho yana share hawayen dariya. Ya ce, "Me ya faru ne? Me ya sa suka taru wuri ɗaya? Sun ji wani abu?" Shi duk bugun nan ɗaya ne a wurinsa, da ƙau da dum. Jama'a kuwa hankalinsu yana kan mazaunaina. Matan suka dubi Safara'u, don ita ce mai magana.

Ta tsuguna kusa da kaina kamar mai duba ko na ji ciwo. Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Labaran." Tunda nake da ita ban taɓa jin ta kira sunana haka ba, ba ba'a a ciki. Ta ce, "Ka ji?"

Na ce, "Na ji."

Ta ce, "Malam bai ji ba. Ni ba zan yi ƙarya ba, amma ba zan riga ka magana ba. Aikinka ne."

Ina kwance ina jin sanyin simintin a ƙirjina, ina son sa kamar in shige cikinsa. Wallahi na yi tunanin in tashi in karkaɗe riga in ce mata ne suka yi ɗoki. Shida sun fita lafiya, kowa ya gani, wa zai ce wani abu? Ya ɗauki motoci shekara uku, me zai hana ya ƙara ɗaya?

Sai na ji an tada mota. Ya'u ne. Daga gaɓar can ya ga ana rawa ana dariya, ya ɗauka an gama an ce lafiya. Ya sa an janye itacen, fasinjan da suka sauko kallo suna ta darewa kan buhuna, ya danna ƙaho ya fara gangarowa.

Ban san ina da sauran gudu ba bayan taɓaryar Auta. Na tashi na ruga ina ɗingishi, hannuwa a sama, na tsaya a gaban motar a gida na goma sha ɗaya ina ihu, "Tsaya! Koma! Koma da baya!" Ya taka birki har buhu ɗaya ya faɗo. Ya leƙo ya ce, "Sarkin magina, lafiya?"

Na ce, "Gaskiyarka ce. Yana magana."

Na dawo wurin Malam Haladu na kama kafaɗarsa na faɗa masa a kunnen mai rai, da ƙarfin da kowa ya ji: akwai rami a ƙarƙashin na bakwai, kuma ni na jawo, don ban bari an daɓe ƙasan ba.

Safara'u ta miƙe ta ce to a gama aiki. Wannan karon taɓarya ɗaya ta ɗauka da hannunta, tana saki a hankali, taku bayan taku. Inda dum ya koma ƙau sai ta ce nan, ni kuma in tsoma tsumma a makuba in ɗiga. Da muka haɗa ɗigon ya zama da'ira, ta cinye kusan duk gida na bakwai ta shiga rabin na takwas. Aka matsar da motar Ya'u baya, matan suka bi na tara har na goma sha biyu a jere, ba waƙa. Duk huɗun suka ce ƙau.

Malam Haladu ya dubi da'irar ya daɗe. Ya ce, "Ni ban ji komai ba. Sai na gani da idona. Amma wuri ɗaya za a huda, ba goma sha biyu ba." Ya yafito wani lebura da guduma. Na ce a ba ni, ba wanda zai taɓa shi sai ni.

Na tsaya a tsakiyar da'irar na yi bisimilla. Bugun farko ya tsage. Na biyu ya lotsa. A na uku kan gudumar ya shige gaba ɗaya, ƙotar ta zame daga hannuna ta bi shi, sai da muka ɗan jira sannan muka ji tsulum. Wani Bafulatani ya miƙo sandarsa, Malam Haladu ya zura ta har sai da hannunsa ya shiga zuwa gwiwa, bai taɓa ƙasa ba. Ya zaro ta ya dubi Safara'u, ya cire hularsa ya mayar. Daga baya ya ce, "Goma sun tsira. Biyun kai za ka sake zubawa, Labaran."

Safara'u ta ce, "A kira mu kafin a zuba."

Aka sake fashewa da dariya, guɗa ta tashi, makaɗin nan ya ga dama ta samu ya saki kalangu, matan suka kama rawa da taɓare a gida na uku. Ni ma dariyar nake yi, hawaye na zuba, ban san wanne ya fi yawa ba.

Ya'u ya kashe mota ya ce kowa ya sauko a ƙetare da ƙafa ta cikin yashi. Suka sauko ɗaya bayan ɗaya, kuma ba wanda ya wuce sai ya biyo ya leƙa ramin. Tsoho mai kaji a kwando, 'yan mata biyu masu tallan daddawa, wani malami da buzunsa, mace da goyo tana jan wani da hannu. Kowa ya leƙa sai ya dube ni, ya wuce. Ban yi niyya ba, amma na sami kaina ina ƙirga su. Talatin da ɗaya, ban da na goye.

Na zauna a gida na shida, a kan ɓarin mazaunin da taɓaryar Auta ba ta doka ba, ban tashi ba har aka kira azahar.